Garin da Ya Yarda da Wuri

Litinin

Ƙudaje ne suka riga mutane shiga labarin. Da su Jane Harper ta buɗe littafinta na farko, The Dry, wanda ya fito a 2016. Ƙudajen sun saba da mushen tumaki da shanun da fari ke kayarwa, yau sai ga jinin mutum a wani gidan gona, ƙofa a hangame. Gawa uku ce. Matar gida, Karen Hadler, tana kwance daga bakin ƙofa. Ɗanta Billy, ɗan shekara 6, yana cikin ɗakinsa inda ya nemi maɓoya. Maigidan, Luke, an same shi can cikin daji a bayan a-kori-kurarsa, harbin bindiga ya tafi da fuskarsa. Jaririya Charlotte kaɗai aka bari, tana tsala kuka a gadonta.

Garin da abin ya faru, Kiewarra, ba ya kan taswira. Marubuciyar ce ta gina shi, ta dasa shi a karkarar jihar Biktoriya ta ƙasar Ostireliya, tafiyar sa'o'i masu yawa a mota daga birnin Melbon. Gari ne na masu kiwon tumaki da masu noma, ruwan kirki ya kusa shekara 2 bai sauka ba.

Babin farko a coci yake. Akwatunan gawa uku a jere, ɗaya ƙarami. A cikin masu makoki akwai baƙo wanda ba baƙo ba: Aaron Falk, ɗan shekara 36, jami'in 'yan sandan tarayya mai binciken laifukan kuɗi. A nan aka haife shi, daga nan aka kore shi tare da mahaifinsa shekara 20 da suka wuce. Shi da Luke abokan ƙuruciya ne. Bai zo don zumunci ba. Mahaifin Luke, Gerry, ya aika masa da 'yar guntuwar wasiƙa yana shaida masa cewa ya san shi da Luke sun yi ƙarya, kuma lallai ya halarci jana'iza. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Falk ya zo da niyyar ya kwana ɗaya ya juya.

Abin da ya tsaya mini a rai daren nan shi ne zaɓin wannan jarumi. Ba mai bin sawun masu kisa ba ne. Mutumin takardun banki ne da lissafi, fari fat, rana na ƙona shi, kullum da hula a ka. A garin da ake auna namiji da ƙarfin damtse da yawan giyar da zai iya sha, wannan mutum tun yana yaro bai dace da wurin ba. Mahaifiyar Luke, Barb, da sana'arsa ta kama shi: ta roƙe shi ya duba littattafan kuɗin gonar, ko akwai wani mai bin ɗanta bashi da zai iya wannan aika-aika. Uwa ce ke neman kowace amsa, in dai ba wadda aka ba ta ba.

Talata

Yau na gane inda littafin ya sa gaba, kuma ba tambayar wa ya yi kisa ce ta fi nauyi ba. Tambayar ita ce, me ya sa kowa ya yarda Luke ne, ba tare da gardama ba?

'Yan sandan babban garin da ke kusa, Clyde, sun zo sun duba sun rufe fayil. Mutanen gari suna cewa abin ya yi muni, amma suna faɗa da muryar wanda bai yi mamaki ba. Wasu har da ɗan tausayi ga Luke: matsi ya yi yawa, gona ta mutu, kowa na iya kaiwa bango. Harper ta nuna cewa wannan tausayin tsoro ne ya sa riga. Kowane manomi da ke tsaye a cocin nan ya taɓa harbe dabbobinsa da hannunsa don ba abin da zai ba su. Kowa yana da wasiƙar banki a aljihun tebur, da bindiga a kabad. Sun yarda Luke ya yi ne domin sun taɓa leƙa wannan ramin a zuciyarsu, sun san zurfinsa. Fari ya zama amsar da aka tanada tun kafin a yi tambaya.

Ba ƙirƙira ce tsagwaronta ba. Kudu maso gabashin Ostireliya ya sha wani dogon fari daga ƙarshen shekarun 1990 har zuwa wajen 2010, wanda ya durƙusar da noma a kwarin kogunan Murray da Darling, ya sa hatta mutanen birane aka ƙayyade musu ruwan ban fure da wankin mota. An daɗe a ƙasar ana maganar yadda kashe kai ya fi yawa tsakanin mazan karkara a kan na birni. Kuma a watan Satumba na 2014, a kusa da garin Lockhart na jihar New South Wales, wani manomi ya harbe matarsa da 'ya'yansa uku sannan ya kashe kansa. Mai karatu ɗan Ostireliya da ya ɗauki littafin nan a 2016 yana ɗauke da wannan labarin a kansa. Shi ma, kamar mutanen Kiewarra, a shirye yake ya yarda.

Da yamma na je gaishe da kawuna, wanda ya yi noma a lokacin farin 1973. Na ba shi labarin a taƙaice. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ɗan nan, su waɗannan yunwa ce ta kama su?" Na ce a'a Kawu, abinci yana kanti, bashi ne. Ya girgiza kai. Ya ce su a wancan lokaci yunwa suka sani ido da ido, amma mutum ba shi kaɗai ba ne. In rumbu ya ƙare a tafi cin rani, a dawo, kuma duk wanda ka kalla a dandali halinku ɗaya. Na yi masa bayanin cewa gonar Ostireliya ɗaya tana iya cinye ƙasar ƙauye sukutum, mutum ɗaya da injuna ke nomanta, maƙwabcinsa na can nisan kilomitoci, kuma in banki ya karɓe ta, gadon kaka da kakanni ne ya salwanta a hannunsa. Kawu ya ce, "Ashe kaɗaici ne." Bai ƙara ba, ya nemi a miƙo masa buta.

Laraba

Tsohon rauni ya buɗe. Su huɗu ne a ƙuruciya: Aaron, Luke, Gretchen da Ellie Deacon. Suna da shekara 16 aka tsamo gawar Ellie daga kogi, an cusa duwatsu a aljihunta. Da an bar shi a matsayin yarinya ta kashe kanta, sai aka tsinci wata takarda a ɗakinta ɗauke da kwanan watan da ta ɓace da suna ɗaya: Falk. Ba a san ko ɗan ake nufi ko uban ba. Luke ya zo wa abokinsa da dabara, su ce suna tare a ranar, suna harbin zomaye. Ƙarya ce. Aaron yana kamun kifi shi kaɗai a gefen kogin. Ƙaryar ta tsare shi daga hannun hukuma, amma ba ta tsare shi daga gari ba.

Yadda Harper ta zayyana korar shi ne mafi kyawun abin da na karanta zuwa yanzu. Ba kotu, ba shaida, ba wanda ya fito ya tsaya a kan magana. Sai dai mai kanti ya daina gaisuwa, abokan hulɗa su janye ɗaya bayan ɗaya, a wayi gari a tarar da mushen maraƙi a bakin ƙofa. Daga ƙarshe uba da ɗa suka ɗaure kaya suka bar gari, mahaifin Ellie, Mal Deacon, yana bin su a baya da mota har sai da ya ga sun yi nisa. Mu mukan ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, amma a ƙaramin gari zato ba ya tsayawa a matsayin zunubin zuciya. Hukunci ne, kuma ana zartar da shi a kasuwa.

Sai kuma wurin da ya fi ciwo. A kan hanya, mahaifin ya tsayar da mota ya juya ya tambayi ɗansa ko yana da hannu a mutuwar yarinyar. Matarsa ta rasu wajen haihuwar wannan ɗa, su biyu suka rage wa juna a duniya, ga shi zaton gari ya shigo cikin motar ya zauna a tsakaninsu. Sun ci gaba da rayuwa a Melbon, amma ba su koma yadda suke ba har uban ya rasu.

Abin lura kuma, ƙaryar nan kaifi biyu gare ta. In Luke ya ba Aaron mafaka, to Aaron ma ya ba Luke. Ina Luke yake a ranar? Wannan ne ke cin Gerry. Ya hango ɗansa a yammacin nan yana dawowa shi kaɗai daga wajen kogi, ya yi shiru shekara 20. Yanzu yana tambayar kansa: da na yi magana a lokacin, da jikana na raye? Makokin wannan tsoho ba irin na kowa ba ne. Yana kukan ɗansa, yana kuma tsoron cewa dodo ya rena.

Falk ya je neman kogin. Babu shi. Sai tsagin ƙasa busasshe da ƙura. Kogin da ya isa ya ci mutum, yanzu a ƙafa ake ratsa shi.

Alhamis

Aiki ya hana ni dogon karatu, amma na ci karo da mutumin da ya fi kwanta mini a littafin: Sajan Greg Raco, sabon ɗan sandan garin, matarsa na da tsohon ciki. Shi bai girma a Kiewarra ba, saboda haka bai gaji ƙiyayyar kowa ba. Ƙananan abubuwa ne suka hana shi barci. Harsashin da aka yi kisan da shi na kamfanin Remington ne, alhali duk wanda ke gidan Luke na Winchester ne. Me ya sa aka harbi Karen a bakin ƙofa kamar wadda ta zo buɗe wa baƙo, in mijinta ne mai makullin gida? Me ya sa ɗakin Billy ya nuna alamar an yi ta lalube, in uba ne wanda ya san inda ɗansa ke ɓuya? Me ya sa aka bar jaririyar? Raco ya lura da abin da ya bambanta ta da yayanta: ba ta iya magana ba, ba za ta iya ba da shaida ba. Akwai kuma kyamarar tsaro a jikin sito, wadda ta kama ƙasan motar kawai da ƙarar harbi, da wasu zane-zane a bayan motar da ba wanda ya san mafarinsu.

Batun bindiga ba ƙarami ba ne a can. Bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnatin John Howard ta tsaurara dokar mallakar makami sosai, amma manomi mai lasisi yana da damar ajiye tasa saboda dabbobi masu ɓarna. Kan gaba a cikinsu zomo ne. A 1859 wani mai gona, Thomas Austin, ya saki 'yan zomaye a filinsa a wannan jiha ta Biktoriya don ya samu abin farauta, suka hayayyafa har suka zama annobar nahiya guda. Shi ya sa harbin zomo ya zama uzurin da ba a tuhuma a littafin nan, a wancan karo da wannan. A ranar da ya mutu ma, Luke ya wuni ne yana taya wani matashin manomi, Jamie Sullivan, harbin zomaye.

Juma'a

Bayan masallaci na kira yayata, wadda ta riga ni karanta littafin da shekaru. Ina cikin zuba mata bayani a kan Gerry da Barb, sai ta katse ni. "Malam, duk na ji. Matar fa? Ka faɗi mini abu uku game da Karen." Na ce tana aikin lissafin kuɗi a makarantar firamaren garin, tana da natsuwa, tana aron littafi a laburare. Ta ce, "Ka gani? Ita aka fara harbewa, amma kowa a littafin kukan Luke yake yi. Har marubuciyar."

Yaya ta yi gaskiya, ko da ba duka ba. Luke ya cika littafin: muna ganinsa yana yaro, muna ganin zomon da ya mutu a hannunsa ba a san yadda aka yi ba, muna ganin mugun wasan da ya yi wa abokansa a kan tsauni lokacin da ya yi kamar ya faɗa. Mutum ne mai farin jini da son kai, irin wanda ake so ana kuma ɗan tsoro. Harper tana juya shi gaba da baya don mai karatu ya kasa tsayawa a kan ra'ayi ɗaya. Karen kuwa sai ta bakin wasu ake jin ta. Ba wanda ya zo daga danginta ya buga tebur. Abin da zan ce don kare marubuciyar shi ne, ta san haka gari yake yi. In irin wannan ta faru, a jarida da a bakin mutane, akan cika shafi da kirkin mijin da irin matsin da ya shiga, matar ta zama suna a layi na biyu. Sai dai sanin cuta daban, kamuwa da ita daban, kuma ina jin littafin ya ɗan kamu.

Inda makoki ya yi rai sosai shi ne lokacin da Barb ke shiga gidan da aka yi kisan don kwashe kaya. An wanke jini, an bar wurin da tabon wanki. Kayan wasan yaro suna nan. Ga jaririya a hannunta da za ta rena a tsufanta, kuma wata rana dole a faɗa wa yarinyar abin da ya faru. Wane labari za a ba ta? Cewa mahaifinta ya kashe kowa ya bar ta? Don wannan tambayar Barb ke neman gaskiya, ba don kotu ba.

Na lura kuma da yadda aka tsara zaman makokin nasu. An binne gawa bayan kwanaki masu yawa, an taru a zauren gari an ci an sha na yini ɗaya, kowa ya koma gonarsa mai nisa. Ba zaman kwana uku, ba masu shigowa safe da yamma suna a yi haƙuri. Tsofaffin nan biyu sun koma gida su kaɗai da jaririya. Maganar Kawu ta sake faɗo mini.

Asabar

Na ɗan ajiye labarin na koma kan mai shi. An haifi Jane Harper a Mancesta ta Ingila a 1980, iyayenta suka kai ta Ostireliya tana 'yar shekara 8, ta koma Ingila ta yi jami'a a Kent, ta shiga aikin jarida, sannan ta sake komawa Ostireliya a 2008. Tana rubuta labaran kasuwanci a jaridar Herald Sun ta Melbon lokacin da ta shiga wani kwas na rubuta ƙagaggen labari ta intanet, na mako 12, a 2014. Daga nan littafin ya fito. Tun bai ga ɗab'i ba ya ci kyautar Firimiyan Biktoriya ta rubutun da ba a wallafa ba a 2015, sannan a 2017 ya ci Gold Dagger, babbar kyautar ƙungiyar marubuta labaran laifi ta Birtaniya.

Hannun 'yar jarida a bayyane yake. Jimlolinta gajeru ne, ba ado, kowane babi yana ƙarewa da ƙugiya. Ba 'yar karkara ba ce, kuma wani lokaci ana gani: ba ka jin aikin gona a jikin shafi, ba ka san farashin tunkiya ko na ciyawa ba, zafi da ƙura ne kawai ake maimaitawa. Wata dabara tata kuma ta raba mini hankali. Idan wani yana ba da labarin abin da ya wuce, sai ta yanke maganarsa ta nuna mana abin kai tsaye da rubutu mai karkata, har da abin da mai maganar ya ɓoye. Yana sa karatu ya yi gudu, amma wani lokacin mai karatu ya san abin da Falk ba shi da hanyar sani, kuma wannan rangwame ne marubuciya ta yi wa kanta.

A cikin labarin, gari ya fara yi wa Falk abin da ya yi wa ubansa. An lalata masa mota, an manna takardu da hotonsa a titi. Mal Deacon ya tsufa, ƙwaƙwalwa ta fara gudu, yana kiran ɗan da laifin uban. Ɗan'uwan Ellie, Grant Dow, shi ke jagorantar tsangwamar daga mashayar garin. Sai ga Falk ya tsinci rasit a cikin littafin da Karen ta aro, da sunan Grant a rubuce da alamar tambaya, da lambar wayar Falk ɗin kansa a ƙasa. Biri ya yi kama da mutum.

Lahadi

Na gama. Wanda bai karanta ba kuma yana da niyya, ya tsaya a nan.

Kowa a garin nan yana da abin ɓoyewa, kuma binciken ya bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya yana tona abin da bai shafi kisa ba. Jamie ya yi ƙarya a kan inda yake ne saboda wata alaƙa da likitan garin da yake tsoron a sani. Gretchen ta ɓoye cewa ita ce ke tare da Luke a ranar da Ellie ta mutu. Falk da kansa ya kai ga zarginta, ya rusa ɗan abin da ya fara ƙulluwa tsakaninsu. Wanda zato ya kora daga gari, shi ma da ya samu dama ya ɗora shi a kan wani.

Mai kisan kuwa shi ne Scott Whitlam, hedimastan makarantar, mutum mai fara'a da ke yawo a kan keke, wanda ya yi ta jan Falk a jiki. Ɗan caca ne da ya gudo daga birni da bashin mutanen da ba sa wasa. Wata gidauniya ta ba makarantar tallafin dala 50,000, ya karkatar da kuɗin, Karen mai riƙe da lissafi ta gano. Abin da ta rubuta a rasit ba sunan mutum ba ne. A Turanci kalmar da ake kiran kuɗin tallafi da ita ɗaya ce da sunan Grant. Lambar Falk kuma ta rubuta ne don shi ne mai binciken kuɗin da ta sani. Whitlam ya tare Luke a hanya, ya ɗora kekensa a bayan motar, zanen da aka gani na tayoyin ne. Ya kashe shi, ya je gidan ya kashe Karen, ya ga yaron ya gan shi.

Ta fuskar sana'a abin ya ƙullu. An shimfiɗa alamun tun farko: injunan caca a mashaya, maganar mai mashayar a kan yawan zaman hedimasta a gabansu, keken, makarantar da ba ta da ko fenti. Caca kuma ciwo ne na gaske a Ostireliya, ƙasar da mutanenta suka fi na ko'ina asarar kuɗi a caca in aka raba bisa kai. Kuma amsar ta dace da jigon da na gani ranar Talata. Whitlam ya san garin zai yarda. Bai buƙaci dabara mai zurfi ba, ya jingina ne kawai da abin da mutane suka riga suka saka a ransu. Kisan ashe na Karen ne tun farko, Luke sutura ce kawai, kuma shekara da shekaru na gaba da Deacon da Dow ba su da alaƙa da shi. Na sake kiran Yaya na ce to ga Karen nan a tsakiyar labari. Ta ce, "A tsakiyar dalili dai. Har yanzu ba mu san ta ba."

Amma ga inda nake da ja. Littafin ya kai mu bakin wata gaskiya mai ɗaci, cewa mutumin kirki a idon gari yana iya hallaka iyalinsa, sannan ya janye mu. Luke ya fita fes. Mugun baƙo ne, ɗan birni, da matsalar birni. Gerry da Barb sun samu sauƙi, mai karatu ma ya samu, an wanke gona da manomi. A Lockhart ba wani hedimasta da ya bayyana. Na san labarin laifi yana bukatar juyi a ƙarshe, kuma da Luke ne ya yi da babu littafi. Duk da haka, sauƙin da na ji a babin ƙarshe bai kwanta mini ba.

Litinin

Abu biyu suka rage, kuma su ne suka hana ni mayar da littafin kan kanta.

Na farko wuta. Da asiri ya tonu, Whitlam ya ruga cikin daji, aka bi shi. Ba bindiga ya ɗaga ba, laita ya kunna, da mai a kusa. A ƙasar da ta bushe haka, wannan ya fi bindiga. Tun farkon littafin Harper ke nuna mana allon gargaɗin gobara a bakin gari, ga shi ya yi amfani. Mutanen Biktoriya ba sa bukatar bayani: a ranar 7 ga Fabrairun 2009 gobarar daji ta kashe mutum 173 a jihar. Falk da Raco suka afka masa da jikinsu, suka ƙone, garin ya tsira. Washegari mutumin da aka manna hotonsa a titi ya zama gwarzo, da irin saurin da aka mai da shi mai laifi. Ba a ga wanda ya tsaya ya ce mun zalunce ka ba. An yi fim ɗin littafin, Robert Connolly ya shirya, Eric Bana ya fito a Falk, an ɗauka a yankin Wimmera da Mallee na jihar, kuma a wannan fage na wuta ne kyamara ta fi alƙalami ƙarfi, don ido yana ganin busasshiyar ciyawar da ta kai har bakin gidaje.

Na biyu Ellie. Kafin ya tafi, Falk ya koma wani kogo tsakanin dutse da bishiya inda suke ɓoye kaya suna yara, ya tarar da jakarta da littafin da take rubuta sirrinta. Yarinyar ba mutuwa ta shirya ba, guduwa ta shirya, daga uban da ke cin zarafinta. Ta tara kuɗi, ta kama ɗaki a wani gari da sunan Falk don kada a gane ta. Wannan ne sunan da ke kan takardar. Mal Deacon ya bi ta kogi ya kashe ta, Grant Dow ya rufa masa asiri.

A nan littafin ya biya wani ɓangare na bashin da na bi shi jiya. Wannan kisan na cikin gida ne, na ɗan gari, manomi, kuma ba fari a lokacin, kogi cike yake. Mutane sun san Deacon mashayi ne mai duka, sun san matarsa ta gudu ta bar shi, sun ga yarinyar tana ramewa tana janyewa daga mutane. Garin da ya yi saurin yarda da laifin Luke a kan hujja kaɗan, da laifin Falk a kan suna a takarda, shi ne ya shekara 20 bai ɗaga ido ya kalli gidan da kowa ya san abin da ke cikinsa ba. Ya ma bar mai gidan ya jagoranci korar wasu.

Harper ba ta nuna mana abin da ya biyo baya ba. Deacon ƙwaƙwalwarsa ta riga ta tafi, da wuya wata kotu ta iya gurfanar da shi. Dow ne kaɗai ya rage da zai amsa tambaya. Erik Falk, mahaifin Aaron, wanda ya rasa gonarsa da garinsa ya kuma tambayi ɗansa abin da uba bai kamata ya tambaya ba, ya rasu shekaru kafin a buɗe jakar.